Neman kalmar Hausa: "dinghy" da "keelboat" a tseren jiragen ruwa

Mai fassara, Agege: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa shirin rediyo a kan Robert Scheidt ɗan Brazil, wanda ya ci zinare a Olamfik na 1996 da 2004 a jirgin Laser, sannan ya koma jirgin Star ya samu azurfa a 2008 da tagulla a 2012. Laser "dinghy" ne na mutum ɗaya, Star kuwa "keelboat" ne na mutum biyu. Idan na kira su duka jirgin ruwa, mai sauraro ba zai gane cewa mutumin ya sake koyon sana'a ba ne.

Malamar Hausa, Idi-Araba: Wa alaikumus salam, Malam. A fara daga yadda jiragen suke. Na farkon yana da wani abu kamar allo a tsakiyar cikinsa da ake saukarwa cikin ruwa a kuma ɗaga, kuma nauyin jikin matuƙi ne ke hana shi kifewa, shi ya sa za ka gan shi ya maƙale ƙafafunsa a madauri ya zubo da jikinsa waje, bayansa na shafar ruwa. Na biyun an kafa masa ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashi wanda ba ya cirewa, shi ke hana shi kifewa. Ina ba da shawarar "ƙaramin jirgin iska" da "jirgin iska mai ƙarfen gindi".

Dattijo, Obalende: Hajiya, waɗannan bayanai ne, ba sunaye ba. Na daɗe ina cewa a kira na farkon "kifau", tunda kifewa yake yi, na biyun kuma "tsayayye".

Ɗan jarida, Mile 12: Baba, da girmamawa, "kifau" ba zai shiga rediyo ba. Masu sauraronmu da yawa daga Yauri da Neja suke, inda kifewar jirgi ke nufin rasa rayuka. Me zai hana a ce "dingi" kawai?

Dattijo, Obalende: Wannan aron ne ke sa a ce Bahaushe bai san ruwa ba, alhali Sarkawa sun shekara aru-aru suna tuƙi a kogin Kwara da Argungu. Don kulob ɗin jiragen da ke Legas tun 1932 Turawa ne suka kafa shi, ba zai zama dalilin da za mu miƙa musu harshenmu ba.

Malamar Hausa, Idi-Araba: Babu wanda ya raina Sarkawa, Baba, amma su da filafili da gora suke tuƙi, wannan kuwa iska ce ke tura ƙyalle. Kalmarsu ba za ta raba mana Laser da Star ba, kuma shi ne abin da Malam ya tambaya.

Mai fassara, Agege: Na gode ƙwarai. Zan ce "ƙaramin jirgin iska, wato dingi" a karon farko, daga nan in ci gaba da "dingi". Na biyun zan ɗauki "mai ƙarfen gindi", ko da yake yana da tsawo a baki.

Dattijo, Obalende: "Mai ƙarfen gindi" na yarda da shi. "Dingi" kuwa a rubuta cewa ban amince ba, kuma zan sake tayar da maganar bayan an watsa shirin.