Java 17 ta ƙi hawa kan Tomcat a sabar ofis, ku taimaka

Salam 'yan uwa, don Allah wa ya taɓa cin karo da wannan? Sabar ofishinmu RHEL 8 ce (Linux na Red Hat), na saka java-17-openjdk-devel da dnf, na gyara alternatives (inda ake zaɓar wace Java sabar za ta yi amfani da ita), in na buga java -version 17 yake nuna min lafiya lau, amma da na tayar da Tomcat (mai gudanar da manhajojin yanar gizo na Java) ta systemctl, wato umarnin systemd mai tayar da manhajoji a sabar, sai ya watso min UnsupportedClassVersionError wai sigar fayil ɗin class 61.0 ce (ta Java 17), ita kuma Javar da yake kai iyakarta 52.0 (ta Java 8), kenan har yanzu Java 8 yake ja. JAVA_HOME kuma, mai nuna inda Java take, na sa shi a fayil ɗin .bash_profile tun jiya, shiru kake ji.

Cire 8 ɗin ba zai yiwu ba, tsohuwar manhajar albashi a kanta take, oga zai cinye ni ɗanye wallahi. A ina systemd ke ɗauko hanyar Java ɗin ne?