Fitilar LED mai bolt 12 da cajar laftof mai bolt 19, za su haɗu?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum. Ina da fitilar LED irin ta naɗi mai gam a baya, tsawon mita 5, an rubuta bolt 12, wat 24. Saman teburin aikina nake so in liƙa ta, amma cajarta ta ƙone. Ga tsohuwar cajar laftof a ajiye, bolt 19, amfiya 3.42. In na jona kai tsaye, haske ne kawai zai ƙaru?

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam. Kul, kada ka jona. Duba jikin fitilar: bayan kowane ƙwai uku akwai wurin yankewa, da ɗan baƙin resista mai taƙaita wutar da ke shiga ƙwayayen. Farin ƙwai yana cin bolt 3 da ɗan wani abu, ukun sun kwashe 9 da ɗoriya, ragowar resistan ke riƙewa. In ka ba ta 19, ƙwayayen ba za su ƙara ɗaukar abin kirki ba, rarar duk kan resistan za ta sauka, wajen bolt 9. Wutar da ke ratsa su ta ninka kusan sau uku ke nan. Da farko za ta haska har ka ji daɗi, sai zafi, gam ya saki, ƙwai su riƙa mutuwa uku-uku.

Baƙo:
To ya sa babban resista a tsakani mana, ya shanye bolt 7 ɗin.

Mai Gyaran Rediyo:
Malam, yi lissafi. Wat 24 a bolt 12 amfiya 2 ne. Bolt 7 sau 2, wat 14 na zallar zafi. Wannan ai ya zama dutsen guga. Ɗan allon nan mai rage bolt zai nema, irin mai LM2596. Amma fa ya jona shi da caja tukuna, ya sa abin awon bolt, ya murɗa ɗan sukurun da ke jikin allon har ya ga 12, sannan ya haɗa fitila. Masu gaggawa a nan suke ƙona tasu. A amfiya 2 allon yana ɗaukar zafi, a bar masa iska. Ni a 11.5 nake tsayar da nawa, ƙwai sun fi daɗewa.

Ɗan Koyo:
Na gode Oga. Amfiya 3.42 ɗin fa, bai yi mata yawa ba?

Mai Gyaran Rediyo:
A'a. Wannan iyakar abin da cajar ke iya bayarwa ne, fitilar iya buƙatarta za ta ja. Kula dai da jan waya da baƙa, in ka juya su a mashigar allon ƙonewa zai yi.