Haɗin gwiwar ƙananan kwalejoji: yana gina malami kuwa, ko tsimin kuɗi ne kawai?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum, malamai da masana. Tambayata ta shafi ƙananan kwalejojin nan na Amurka masu koyar da ilimi mai faɗi, waɗanda galibi digirin farko kaɗai suke bayarwa, yawancinsu ɗalibansu ba su kai 3,000 ba, kuma ɗalibi yakan taɓa adabi da tarihi da lissafi da kimiyya kafin ya zaɓi fannin da zai zurfafa a cikinsa. An ɗauke ni aikin koyarwa a ɗaya daga cikinsu, kuma a sashenmu na harsuna ni kaɗai ne mai fannina, ba ni da wanda zan kai wa tsarin darasina ya duba da idon wanda ya san abin.

Hukumar kwalejin tana ta ƙarfafa mana gwiwa mu shiga shirye-shiryen gamayyar kwalejojin da muke ciki, wato tarukan ƙara wa juna sani a lokacin hutun bazara, da kwasa-kwasan da ake koyarwa tare da malaman wasu kwalejoji, da ƙananan tallafin bincike na haɗin gwiwa. Wani dattijo a sashenmu kuwa ya ja ni gefe ya ce in yi hattara, domin a ganinsa duk wannan hanya ce ta guje wa ɗaukar sababbin malamai, kuma lokacin da zan ɓata a kai ba za a lissafa mini shi ba ranar da za a zauna duba cancantata ta zama malamin dindindin. Ina roƙon waɗanda suka san harkar daga ciki su fayyace mini: shin waɗannan shirye-shirye suna ƙara wa malami ƙwarewa da gaske, kuma wane iri ne ya cancanci sabon malami ya ba shi lokacinsa?

Tsohon Shugaban Sashe:

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa albarka a sabon aiki. Maganar dattijon nan tana da ƙamshin gaskiya, amma bai faɗa maka dukkanta ba, kuma ina ganin za ka fi fahimta idan muka fara daga dalilin kafa waɗannan gamayyoyi.

Ƙarfin ƙaramar kwaleji shi ne kuma rauninta. Ajin da ke da ɗalibai 12 ko 15 yana ba malami damar sanin kowa da sunansa da yanayin rubutunsa, amma sashen da ke da malamai uku ba zai iya rufe fanni gaba ɗaya ba, kuma malamin da ke koyar da kwasa-kwasai huɗu zuwa shida a shekara, ba tare da ɗaliban digiri na uku masu taya shi ba, yana iya shekara goma bai ji wata sabuwar muhawara ta fanninsa daga bakin tsaransa ba. Wannan kaɗaici shi ne ciwon da gamayya take magani idan an tafiyar da ita daidai. An kafa Gamayyar Kwalejojin Tsakiyar Yammacin Amurka, ACM, a 1958, tana haɗa irin su Carleton da Grinnell da Macalester da Beloit, ofishinta yana Chicago. A 1962 aka kafa ta yankin Manyan Tafkuna, GLCA, mai haɗa Oberlin da Kenyon da Denison da Kalamazoo da Earlham da sauransu, sannan ta kwalejojin Kudu, ACS, ta biyo baya a 1991. Duka ukun sun ɗauki haɓaka ƙwarewar malamai a matsayin ɗaya daga manyan ayyukansu, ba abin sha'awa na gefe ba.

Misalin da ya fi dacewa da halin da kake ciki shi ne shirin Sunoikisis, wanda malaman tsohon Girkanci da Latin na kwalejojin Kudu suka faro a shekarun 1990, daga baya ya koma ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Girkanci ta Jami'ar Harvard da ke Washington. Matsalarsu irin taka ce: a kowace kwaleji malami ɗaya ko biyu, ɗaliban da suka kai matakin karanta manyan matani kuwa wani lokaci biyu ne ko uku, adadin da babu shugaban tsangayar da zai yarda a buɗe masa aji. Sai malaman suka riƙa haɗuwa a lokacin bazara, su zauna kwanaki suna karanta matanin da za a koyar tare, suna gardama kan abin da za a sa da abin da za a bari, sannan idan zango ya fara a yi darasi ɗaya na bai-ɗaya ta intanet kowane mako, kowane malami kuma ya zauna da nasa ɗaliban a kwalejinsa su bi matanin layi bayan layi. Abin lura shi ne, ɗalibai sun sami kwas ɗin da da ba za su samu ba, amma babbar ribar ta malamai ce, domin zaman nan na bazara ya zame musu sashen da ba su da shi a gida. Wanda ya ga yadda abokin aikinsa yake warware sakin layin da shi ya saba tsallakewa, ba zai sake koyar da shi yadda ya saba ba.

Shawarata ita ce ka fifita duk shirin da zai haɗa ka da masu fanninka a kan wani aiki takamaimai da za a gama a gani, kwas ne ko maƙala ko tarin matanin koyarwa, a kan taron da za a tara malamai ɗari a zaure ana yi musu lacca kan kyakkyawar koyarwa. Na halarci irin na biyun da yawa, kuma abin da nake iya tunawa daga cikinsu kaɗan ne ƙwarai.

Malamar Kimiyya:

Ina goyon bayan Tsohon Shugaban Sashe a kan yawancin abin da ya faɗa, sai dai ina so in ƙara batun nisa, domin ana yawan jera gamayyoyin nan a layi ɗaya alhali ba iri ɗaya ba ne. Kwalejojin Claremont na California, wato Pomona da Scripps da Claremont McKenna da Harvey Mudd da Pitzer, katanga ɗaya ta raba su, ɗalibi yana tafiya da ƙafa daga wannan zuwa waccan, babban ɗakin karatunsu ma ɗaya ne, kuma tun 1925 aka tsara su a kan haka. Gamayyar Kwalejoji Biyar ta Massachusetts, wadda aka yi wa rajista a 1965 tsakanin Amherst da Mount Holyoke da Smith da Jami'ar Massachusetts, Hampshire kuma ta buɗe ƙofarta a 1970, motocin bas ne suka riƙa ɗaure ta, har ta kai ga kafa sassa na haɗaka a ilimin taurari da kuma rawa, da cibiyar da ke koyar da harsunan da ba a cika samun malamansu ba, irin su Swahili da Hindi da Turkanci. Kwalejojin Manyan Tafkuna kuwa suna warwatse ne a jihohi daban-daban, tsakanin wasunsu tafiyar sa'o'i ce a mota, don haka haɗin kansu ya fi karkata ga tarukan malamai da shirye-shiryen karatu a wajen harabar kwaleji. Kafin Malam ya sa rai da wani abu, ya duba wace iri ce tasa gamayyar.

A fannin kimiyya amfanin a bayyane yake, domin na'urar da ta fi ƙarfin kwaleji ɗaya ba ta fi ƙarfin goma ba. Gamayyar Keck ta ilimin duwatsu da ƙasa, wadda aka kafa a 1987, takan haɗa malamai da ɗalibai daga kwalejoji dabam-dabam su fita aikin fili tare a lokacin bazara, kowane ɗalibi ya koma da samfuransa ya ƙarasa bincike a gaban malaminsa na gida. Malamin da ya jagoranci irin wannan aiki yakan fito da bayanan da zai rubuta maƙala a kansu, don haka koyarwa da bincike ba su yi karo ba.

Amma in faɗi gaskiya, abin da ya fi gyara mini koyarwa ba ya buƙatar na'ura ko tafiya. A kwalejojin Bryn Mawr da Haverford, Farfesa Alison Cook-Sather ta fara wani shiri a 2006 inda ake haɗa malami da ɗalibin da ba ya cikin ajinsa, ɗalibin ya riƙa zama a darasin yana rubuta abin da ya gani, sannan su gana kowane mako su tattauna. Kwalejinmu ta kwaikwayi tsarin, kuma ɗalibar da aka haɗa ni da ita ta zana mini taswirar ajin a takarda, ta sa ɗigo a kan kujerar duk wanda ya yi magana. Ɗigogin sun taru a layi biyu na gaba, ɓangaren taga kuwa fari fat. Ta kuma lura cewa idan na yi tambaya ba na jira fiye da numfashi biyu kafin in amsa da kaina. Babu taron bita da ya taɓa nuna mini wannan, kuma shirin ya iso gare mu ne ta hanyar malaman da suka ji labarinsa a taron gamayya.

Mai Duba Lissafi:

Ku gafarce ni, malamai, ni daga ɓangaren gudanarwa nake, kuma ina ganin ba a ba tsoron dattijon nan haƙƙinsa ba. Kaso mai yawa na waɗannan shirye-shirye da kuɗin gidauniyoyi aka fara su, musamman Gidauniyar Mellon da ta Teagle, kuma tallafin gidauniya yana da wa'adi, galibi shekaru kaɗan. Idan wa'adin ya cika, sai kwalejoji su zaɓa tsakanin sa shirin a kasafinsu na dindindin ko barinsa ya mutu a hankali, kuma na ga shiri mai kyau ya tsaya cak a ranar da ma'aikaciyar da ke kula da shi ta bar aiki, domin albashinta daga tallafin yake fitowa. Haka kuma ƙananan kwalejoji da dama suna cikin matsin kuɗi na gaske. Sweet Briar ta sanar da rufewa a 2015 kafin tsofaffin ɗalibanta su ceto ta, Marlboro ta rufe harabarta a 2020, Mills kuma ta narke cikin Jami'ar Northeastern a 2022. A irin wannan yanayi, idan malamin Jamusanci ya yi ritaya, kuma ga kwas na haɗaka ta intanet, jarrabar barin kujerarsa babu kowa tana da ƙarfi, kuma ba zan ce ba a taɓa faɗawa cikinta ba.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba a ambata a takardar yarjejeniya, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wata kwalejin zango biyu take yi a shekara, wata uku, wata kuma kwas ɗaya tak ake ɗauka a lokaci guda kamar yadda Kwalejin Colorado take yi, don haka ranar fara darasi da ranar jarrabawa ba sa haɗuwa. Wa zai sa maki, a rajistar wace kwaleji za a rubuta shi, kuma idan kwaleji ɗaya tana karɓar baƙin ɗalibai fiye da yadda take aikawa, wa zai biya? Malamin da aka ɗauka aiki tsakanin kwalejoji biyu yakan tarar yana halartar taron sashe sau biyu, yana zama a kwamitoci sau biyu, amma ranar tantance shi kowane ɓangare yana ganin rabin aikinsa ne kawai. Ban faɗi wannan don in sare wa Malam gwiwa ba, sai don ya shiga da idonsa a buɗe.

Tsohon Shugaban Sashe:

Mai Duba Lissafi ya taɓo ainihin wurin, kuma zan mayar da shi ga batun cancantar zama malamin dindindin da Malam ya kawo. A tsarin da yawancin kwalejojin Amurka ke bi, wanda ya samo asali daga sanarwar 1940 ta ƙungiyar malaman jami'o'in ƙasar, AAUP, lokacin gwaji ba ya wuce shekara bakwai, kuma galibi a shekara ta shida ake zaman yanke hukunci, ana duba koyarwa da bincike da hidimar kwaleji. Aikin gamayya yana iya faɗawa cikin kowanne daga ukun, ko ya faɗa tsakaninsu ya ɓace, kuma wannan ya dogara ne da abin da aka rubuta, ba abin da aka faɗa a baka ba. Saboda haka, Malam, kafin ka amince da koyar da kwas na haɗaka, ka nemi shugaban tsangaya ya rubuta maka ko kwas ɗin yana cikin adadin da aka wajabta maka ne ko ƙari ne a kansa, ka nemi shugaban sashenka ya halarci darasin aƙalla sau ɗaya ya rubuta rahoto, kuma ka adana ra'ayoyin ɗaliban sauran kwalejojin, domin ofishin kwalejinka ba zai tattara maka su ba. Ka tuna kuma cewa kwamitin tantancewa yakan nemi wasiƙu daga masana na waje, kuma ko da yake ba a cika karɓar wasiƙar wanda kuka yi rubutu tare ba, malaman da suka san aikinka ta hanyar gamayya su ne za su ambaci sunanka a inda ba ka nan.

Game da kujerar da ake bari babu kowa, abin da nake tambaya a duk lokacin da aka kawo sabon shiri gaban majalisar malamai shi ne ko kowace kwaleji za ta ci gaba da riƙe malaminta na fannin, mai zama da ɗalibai ido da ido. Idan amsar e ce, ina ɗaga hannu. Idan aka fara kewaye-kewaye, ina neman a ɗage zaman har sai an kawo amsar a rubuce. A shekararka ta farko, ka je taron bazara ɗaya na masu fanninka, ka saurara, ka karɓi adireshin mutum biyu ko uku, ka aika musu tsarin darasinka na zango mai zuwa su duba maka. Kwas na haɗaka ya jira shekara ta biyu ko ta uku, lokacin da ka gama tsara naka kwasa-kwasan.