Neman kalmar Hausa: me za mu kira "hard link" a darasin ajiyar ko-ta-kwana?

Malamar kwamfuta: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan koyar da ɗalibaina yadda ake ajiye kwafin ko-ta-kwana na kwamfuta mai Linux da yadda ake maido da shi, kuma da Hausa nake son raba musu takardar darasin. Kalmar da ta gagare ni ita ce "hard link". A Linux kowane fayil yana da lambarsa da ake kira inod, sunan da muke gani a folda kuwa nuni ne kawai ga wannan lamba, don haka fayil ɗaya yana iya amsa suna uku a wurare uku, kowane suna daga cikinsu shi ne "hard link", kuma fayil ɗin ba ya gogewa sai an cire na ƙarshensu. Wanda ya kwafe da umarnin rsync -a (rsync manhajar kwafin fayiloli ce) bai ƙara -H mai kiyaye "hard link" ba, fayil mai gigabait 2 da suna uku zai dawo masa fayiloli uku masu cin gigabait 6, ko ya gyara ɗaya sauran ba za su canja ba. Ina neman taimakonku.

Mai fassara: Wa alaikumus salam, Malama. Mun riga mun saba da "mahaɗi" a harkar intanet, saboda haka ni sai in ce "mahaɗi mai tauri", ɗan'uwansa "symbolic link" kuma "mahaɗi mai laushi".

Injiniya: Da girmamawa, Malam, tauri da laushi ba su gaya wa ɗalibi komai ba, domin ba tuwo ake sayarwa ba. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne na farkon yana kai mutum ga inod ɗin kai tsaye, na biyun kuwa ɗan ƙaramin fayil ne da aka rubuta hanyar wani fayil a cikinsa, idan aka ɗauke wancan sai ya zama kwatancen gidan da aka rushe.

Dattijon zaure: Tun kafin a ƙera kwamfuta Bahaushe yake da kalmar wannan abu, ita ce "laƙabi". Mutum ɗaya ne, a gida Abubakar, a kasuwa Garba, a wajen abokai Habu, wanda ya kira kowanne daga ciki shi dai zai waiwayo. Na daɗe ina ba da wannan shawara, ban ga abin da ya hana a karɓe ta ba.

Injiniya: Baba, misalin ya yi kyau ƙwarai, amma laƙabi yana zuwa ne bayan sunan yanka, alhali a nan babu sunan yanka. Da zarar an ba da umarnin ln, wanda ke ƙara wa fayil sabon suna, tsohon suna da sabon suna matsayinsu ɗaya, na'urar ba ta ma riƙe wanda ya riga wani ba, adadinsu kawai take ƙirgawa, shi ne lambar da ke biye da izini idan aka buga ls -l, umarnin jera fayiloli dalla-dalla. Ɗalibin da aka koya wa "laƙabi" zai ɗauka cewa goge sunan farko ya hallaka fayil ɗin, ko kuma ya raina sauran sunayen lokacin maidowa, wanda shi ne ainihin kuskuren da Malama take son kauce wa. In ma laƙabi zai shiga, ya fi kusa da "symbolic link".

Dattijon zaure: To, ɗana, ku da kuke cewa fayil da folda da inod a jimla ɗaya, yau kuma ku ne masu tace laƙabi? Harshen da kullum sai ya yi aro, wata rana sai a neme shi a rasa. Me ya sami "kundi"?

Mai fassara: Baba, fayil ya fi yawancinmu daɗewa a ofisoshin ƙasar nan, ko masinja ya san shi, kamar yadda mota da tebur suka zama 'yan gida. Kundi kuma ɗaliban jami'a sun riga sun ba shi aiki.

Ɗan Damagaram: Ina tunatar da ku cewa mu a Nijar da Faransanci muka koyi wannan, inda ake cewa "lien physique" da "lien symbolique", saboda haka duk fassarar da aka gina a kan "hard" ta Ingilishi mu ba za ta kai mu ko'ina ba. Sau da yawa akan yanke kalma a Kano, sannan a aiko mana da ita a ce daidaitacciya ce.

Mai fassara: Ba wanda ya ambaci Kano a nan, ɗan'uwa, ni kaina ba Bakano ba ne.

Malamar kwamfuta: Don Allah mu koma kan batu, lokaci yana ƙure mini. Daga bayanin Injiniya na tsinci kalmomi biyu, "mahaɗin kai-tsaye" da "mahaɗin kwatance", kuma ba su jingina da Ingilishi ko Faransanci ba. Saura "attributes", wato mai fayil da rukuninsa, izinin karantawa da rubutawa da zartarwa, da lokacin gyara na ƙarshe, waɗanda -a yake kiyayewa, sai kuma ACL, wato jerin ƙarin izini, da ƙarin alamomi irin na tsarin tsaro na SELinux, waɗanda sai an sa -A da -X. Ina son in gargaɗe su cewa filashin da ke kan tsarin FAT32 ba ya riƙe mai fayil ko izini, balle mahaɗin kai-tsaye.

Injiniya: Ni "siffofin fayil" nake cewa. A ƙara musu da --numeric-ids, wanda ke sa rsync ya kwafi lambar mai fayil maimakon sunansa, domin lambar mai fayil ita na'ura ta sani, sunan da ke kanta yana iya bambanta a kwamfutar da aka maido da kayan.

Ɗan Damagaram: "Kai-tsaye" da "kwatance" sun yi mini. Siffa dai ta fi kama da abin da ido ke gani, izini kuwa ba siffa ba ne, na fi son "bayanan fayil".

Mai fassara: "Bayanan fayil" zai rikice da abin da ke cikin fayil ɗin kansa.

Malamar kwamfuta: Zan rubuta "siffofi" a wannan karon, in sa layi a ƙarƙashinta don in ji ta bakin ɗalibai. Na gode muku duka.

Dattijon zaure: Ki rubuta abin da kika ga dama, 'yata, amma idan kin zo yi musu bayani a baki, na tabbata da Garba da Habu za ki fara.