Balsa, soso da kabon a jirgi ɗaya: me ya same ku?

Mai Fiffike: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na haɗa ƙaramin jirgin sama na rimot mai fiffiken farin soso (irin wanda ake tare kaya da shi a kwali) da gangar jiki ta balsa, wani katako marar nauyi, sai na ɗiga sufa gulu a mahaɗarsu. Ina ji ina gani soson ya narke, ya bar ramin da ɗan yatsa zai shige. Ina roƙon waɗanda suka taɓa gauraya kayan haɗi su faɗa mana abin da suka gani.

Tsohon Kafinta: Wa alaikumus salam. Wannan gam yana cin farin soso, haka ma yawancin fentin feshi. Ni da ifoksi nake aiki, wato gam mai ruwa biyu da ake gaurayawa, amma saboda nauyinsa a mazaunin inji kaɗai nake sa shi, inda nake sa filawud. Na taɓa malala shi a wutsiya, har sai da na cusa dalma a hanci kafin nauyin jirgin ya daidaita a wajen kashi 30 cikin 100 na faɗin fiffike daga gaba, kuma tun daga nan bai taɓa tashi da daɗi ba.

Ɗalibin Injiniya: Malam, ni tawa matsalar daga sandar kabon ta zo, wato siririyar sanda mai ƙarfi marar nauyi da ake yi da zaren kabon. Na binne ta a cikin fiffike don ya ƙara ƙarfi, amma na tsayar da ita a rabin tsawonsa. Ran da na ja jirgin zuwa sama da ƙarfi, fiffiken ya karye daidai inda sandar ta ƙare, domin ɓangare ɗaya ya sandare, ɗayan yana lanƙwasawa, wahalar duka ta taru a wuri guda. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da na zare sandar, sai ta fito sumul, gam bai kama ta ba ko kaɗan. Yanzu sai na goge ta da samfefa, na share ƙurar, kafin in shafa mata komai.

Mai Rimot: Ku kula da eriya kuma. Kabon yana tare siginar 2.4 GHz da rimot ke aikawa, kuma wutar lantarki tana bin sa. Nawa jirgin ya daina amsa rimot na ɗan lokaci a sama, har sai da na fito da bakin eriyar waje.

Mai Fiffike: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan yanke wurin da ya narke in cike da sabon soso, kuma zan fara gwada gam a kan guntun da ya rage.