Fulin famfon sitiyari ba noti a jikinsa, ya ake cire shi?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin mota ku taimaka. Ina da Chevrolet Tahoe 2005 mai injin V8 5.3, famfon pawa sitiyarinta ya fara kuka idan na karya kan mota, ga yoyon mai ta gaba. Na samo wani famfon Beljiyam amma ba fuli a jikinsa, wato faifan nan da bel ke juyawa, dole sai an cire na tsohon an mayar masa. To na duba na duba ban ga noti ko kusa ɗaya da ta riƙe fulin ba, rami ne kawai a tsakiya. Yaron garejinmu ya ce a sa fula, ƙarfen cire fuli, mai ƙafa uku a finciko shi, wajen mayarwa kuma a ɗora katako a buga da guduma. Ni dai raina bai kwanta ba shi ya sa na ce ya dakata tukuna.

Oga Mai Sifana:
Wa alaikumus salam Alhaji. Gara da ka tsayar da shi wallahi. Wannan fulin matse shi aka yi a kan shaf, wato sandar famfon, tun daga kamfani, matsin nan kaɗai ke riƙe da shi, haka yawancin motocin Amurka suke, GM masu yin Chevrolet da Ford da Chrysler. Fula mai ƙafa uku bakin fulin take kamawa, shi kuma bakin falle ne ba ƙwari, kafin cibiyar ta motsa ya riga ya lanƙwashe, ka mayar ka ga yana rawa yana cin bel duk bayan kwana biyu.

Ka duba cibiyar fulin da kyau za ka ga wani ɗan wuya mai tsagi a kewaye. Nan ake kamawa. Abin cire shi ƙarfe ne rabi biyu da ke rungume wuyan, a zura zobe a kansu don kar su buɗe, sai doguwar kusa ta tsakiya ta tokare shaf, ka riƙe da sifana ɗaya kana ɗaurewa da ɗayar, a hankali zai taho. Ka shafa wa zaren kusar ɗan giris. Kuma ka cire shi tun famfon na jikin injin bayan ka sauke bel, dama a motarka kusoshin da suka ɗaure famfon suna bayan fulin ne.

Guduma kuwa a manta da ita. Duk bugun da aka yi ta shaf yake bi ya shige cikin famfon ya lalata kayan ciki, sai ka ga famfon da ka saya yau gobe ya fi tsohon kuka.

Ɗan Sienna:
Ikon Allah, ni duk zatona kowane fuli noti gare shi. A Toyota da Honda da muka saba noti ɗaya ne a tsakiya, ka sassauta shi tun bel na ɗaure ko ka zura wani ƙarfe a ramin fulin ya tokare, shikenan. Shi ya sa yaran gareji ke rikicewa idan aka kawo musu 'yar Amurka, ba laifinsu ba ne sosai, ba su saba gani ba.

Bakano a Texas:
Oga ya gama magana. Abin da zan ƙara, nan wajenmu shaguna irin AutoZone aron wannan kayan suke bayarwa, ka ajiye kuɗi in ka dawo da shi a mayar maka, don kusan kowa sai ya ci karo da matsalar, sabon famfo galibi ba da fuli yake zuwa ba. A gida ka tambayi masu gyaran Ford ko ka leƙa Panteka ko Ƙofar Ruwa ka nuna musu hotonsa a waya. Abin mayar da fulin kuma ko ba ka samu ba kana iya haɗawa da kanka. Ramin nan da ka gani a tsakiyar shaf akwai zare a ciki, na GM 3/8-16 ne, awon inci ne fa ba milimita ba, kar a tura masa kusar Japan da ƙarfi a cinye zaren. Ka samu doguwar kusa mai ƙwari, ka sa noti da washa mai kauri, ka ɗaura kusar cikin shaf har ƙarshe, ka riƙe kanta sannan ka dinga juya notin, shi zai tura fulin ciki.

Baban Khalifa:
Allah ya saka da alheri, na fahimta yanzu. Amma Oga har ina zan tura shi? Kar ya zarce.

Oga Mai Sifana:
Sai fuskar cibiyar ta yi daidai da bakin shaf, ka shafa da yatsa ka ji ba tudu ba kwari. Ka ɗauki hoton tsohon kafin ka cire. In ka gama ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe tsakaninsa da fulin da ke kusa ka ga ko sun hau layi ɗaya, in ya kauce ko kaɗan bel zai dinga ƙara yana cin gefe. Sannan kar ka yi gaggawar tada mota, ka zuba mai, ka ɗaga gaban da jak, injin a kashe ka yi ta juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kana ƙara man har kumfa ta daina tasowa a tankin. Kuma tunda Beljiyam ne, ka juya shaf ɗin da hannu tun yanzu ka duba sil ɗinsa, robar da ke hana yoyon mai, kafin ka sha wahalar matsa masa fuli.