Neman kalmar Hausa: me za mu ce da "sikel" da "shef" a aikin Blender?

Mai tambaya, daga wajen Ringim:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu Hausa a baka a taimaka, kalma biyu nake nema. Ina koya wa wasu samari Blender, wato manhajar kwamfuta ta haɗa surorin katun da gem, a nan garinmu da yamma in sola ta yi caji, kuma mun iso wajen haɗa mutum-mutumi, wato surar ɗan adam a cikin kwamfuta mai tsayi da faɗi da kauri wanda za ka juya shi ka ga ƙeyarsa. Kalmomin su ne sikel da shef. Na farko shi ne wanda in ka danna harafin S ka ja maus sai abu ya ƙaru ko ya ragu, na biyun kuma canza yanayin jikin ne shi kansa, a ƙara tumbi, a rage kafaɗa, a ja haɓa.

Damuwata da sikel ita ce kunnen Bahaushe sikeli yake ji, na awon riɗi da gyaɗa, to kuma a nan babu maganar nauyi ko kaɗan, yaro sai ya ɗauka kilo ake nufi. Sannan yaran suna cakuɗa su biyun, ka ce a yi maka ƙaramin yaro sai a ɗauko babban mutum a danna S a tsuke shi a ce ga yaro. Ni dai a ganina in kowanne ya samu sunansa na Hausa daban wannan cakuɗawar za ta ragu.

Wani ɗalibi daga Gumel:

Wa alaikumus salam Malam. Ai ba sai an wahala ba, a ce girma kawai. Ƙara girma, rage girma, shi ke nan.

Mai tambaya:

Ƙanena na gode, amma buɗe Blender ka danna N ka duba gefen dama. Za ka ga layin sikel daban, layin tsayi da faɗi na zahiri daban a ƙasansa. Akwatin nan da yake fitowa a sabon fayil mita 2 ne kowane gefe, amma sikel ɗinsa 1 ne. Danna S ka buga 2, sai sikel ya koma 2 shi kuma akwatin ya zama mita 4. To in muka ce girma wanne muke nufi, 2 ɗin ko 4 ɗin? Ka ga inda gizo ke saƙar.

Wata mai ɗinki daga Kazaure:

Ni ban san kan kwamfuta ba sosai, ɗana ne yake wannan harkar nake leƙawa, amma na ƙasan nan mai mita ai awo ne ƙarara, shi muke ɗauka da tef, tsayin riga kaza faɗin kafaɗa kaza. Ku bar masa awo kar ku wahalar da kanku. Maganar yaro kuma gaskiya ka faɗa Malam, duk telan da ya rage awon babba daidai wa daida ya ce ya yi rigar yaro to wuyan rigar ba zai shiga kan yaron ba, dan kan yaro babba ne in aka gwada da jikinsa, hannu da ƙafa ne gajeru.

Mai tambaya:

Hajiya Allah ya saka da alheri, awo ya zauna, ban ma ga mai ja ba. Kuma abin da kika faɗa shi ne ainihin abin da masu zanen jikin mutum suke koyarwa, su da kai suke auna jiki. Baligi tsayinsa kusan kai 7 da rabi ne, in ana son jarumi mai kwarjini a kai shi 8, amma ɗan shekara 1 kusan kai 4 ne kacal. Ku lissafa ku gani, mutum mai santimita 170 kansa wajen santimita 23 ne, in ka tsuke shi da S har ya dawo santimita 75 kan zai koma wajen 10, alhali yaro mai wannan tsayin kansa ya kusa 19. Shi ya sa abin da yaran nan suke kawo min ba ya kama da yaro ko kaɗan, dattijo ne ɗan mitsitsi, har tsoro yake ba mutum wlh.

Wani tsohon malamin lissafi daga Gwarzo:

Samari ku ba ni dama in sa baki. Lambar nan da kuke gardama a kanta ba awo ba ce kuma ba girma ba ce, lambar sau ce. Tana gaya maka sau nawa aka ninka asalin abin. In 1 ce yana nan yadda aka gina shi, in 2 ce an ninka shi biyu. To Hausa tana da ninki tun kafin a haifi kwamfuta, ɗan kasuwa ma yana cewa kuɗin buhu ya yi ninki biyu. Ku ce ninki. Aikatau ɗin ma a shirye yake, ninka shi, na ninka, an ninka.

Kuma kalmar za ta koya wa yaran wani abu da girma ba zai koya musu ba. In ka ninka mutum biyu a tsayi da faɗi da kauri, fatarsa sau 4 take ƙaruwa, cikin jikinsa kuwa sau 8, domin 2 sau 2 sau 2 ne. Da mutum na gaske ne mai kilo 60 da ya koma kilo 480, alhali kaurin ƙashin da zai ɗauki wannan kayan sau 4 kawai ya ƙaru. Galileo na ƙasar Italiya ya rubuta wannan tun 1638. Shi ne dalilin da ya sa ƙafar giwa ba irin ta barewa ba ce da aka faɗaɗa. Don haka wanda yake son ya yi ƙaton basamude a fim ɗin katun, ninki kaɗai ba zai ba shi ba, ido zai ga kamar ƙafafun za su karye, sai ya koma ya kaurara ƙafa da ƙugu da wuya da hannunsa.

Ɗalibin Gumel:

Baba Malam ranka ya daɗe, ninki ai sama yake yi, ban taɓa jin an ce abu ya ninka ya ragu ba. In na buga 0.5 fa? Kuma ninki yana kawo min ninke zani a rai.

Malamin lissafi:

Ɗana, a aji in na ce 10 sau rabi nawa ne ai 5 za ka ce min, ba ka taɓa cewa sau ɗin ya yi ƙarya ba. Sunan layin ne ninki, lambar da ke ciki ita za ta faɗi ko sama aka yi ko ƙasa. A baki kuma ba wanda ya hana ka cewa rage ninki ko ƙara ninki. Zancen ninke zani kuwa, kai ma kalma ɗaya ce da kan mutum da kan tudu da kan magana, ba wanda ya taɓa ruɗewa.

Mai tambaya:

Gaskiya ninki ya kwanta min. Na gwada shi a baki da sauran umarnin ma ya tafi lafiya. S kaɗai ninki bai ɗaya, ko'ina ya tafi tare. S sannan Z ninkin tsayi kawai, tunda a Blender Z ne ke kallon sama, a wata manhajar irinta mai suna Maya kuwa Y ne, wannan ma wani rikicin ne na wata rana. S sannan X ninkin faɗi. Wannan na gefe ɗaya shi yaran suka fi ɓata aiki da shi, suna son dogon Bafulatani sai su ja Z kawai, kai ya koma kamar gwanda, ido ya miƙe tsaye. Sannan dan Allah kar a haɗa shi da zuƙowa, in ka murza tayar maus kai ne ka matso kusa, mutum-mutumin bai ƙaru da komai ba, da yawa a nan suke fara ruɗewa tun ranar farko.

Wani mai haɗa gem, wato wasan kwamfuta, daga Dutse:

Yaya ni ma ina bayan ninki, saboda akwai wani waje da in ba ka gane lambar sau ce ba sai ka sha wuya. Ka ninka mutum a waje ba tare da ka shiga cikin ragar jikinsa ba, wato ɗigogi da layukan da aka saƙa jikin da su, a ido ya yi daidai amma manhajar tana riƙe da tsohon awon a ciki tana ninkawa ne kawai, to ranar da ka zo saka masa ƙasusuwan da za su riƙa motsa shi ko ka ɗora masa riga mai kaɗawa ko ka fitar da shi zuwa wata manhajar sai abubuwa su fara karkacewa ka rasa dalili. Maganinsa Ctrl da A ka zaɓi sikel, sai lambar ta koma 1 awon kuma ya tsaya yadda yake a ido. Wannan me za mu ce masa? Ni zaunar da ninki nake ce wa abokaina.

Ga kuma rikicin ma'auni, Blender da manhajar haɗa gem ta Unity da mita suke lissafi, takwararta Unreal da santimita, shi ya sa wani lokacin ka fitar da fayil na FBX, irin wanda ake kai aiki da shi daga wata manhaja zuwa wata, ka buɗe a can ka tarar mutuminka ya ninku 100 kansa ya wuce gini ko ya ragu 100 sai ka zuƙo kafin ka gan shi. Duk ninki ne ba ƙirarsa ce ta lalace ba.

Mai tambaya:

Zaunar da ninki ya yi, ya fi tabbatarwa daɗin faɗa. Kuma ka lura kai da kanka ka ce ƙirarsa ba tare da an tambaye ka ba, to mu dawo kan shef ɗin. Ni da siffa nake ta juyawa a raina ko fasali.

Wani ɗan gidan maƙera daga Bichi:

Malam siffa ta yi faɗi da yawa, har hali da kala ana cewa siffa, kuma in ka zo aikatau sai ka ce siffanta wanda kowa ya san bayani ne da baki. Ƙira ita ce. Mun riga muna cewa wane ƙirar ƙarfi gare shi, wance ƙirar mahaifiyarta ta ɗauko, ga shi kuma ana ƙera abu. Wani zai ce sassaƙa, amma masassaƙi cirewa yake yi, in ya sare itacen turmi ba ya komawa. Mu kuwa a maƙera ƙarfen nan dai shi ne, dukansa ake yi ya miƙe nan ya tattaru can.

Mai haɗa gem:

Kai wannan ya zo daidai da yadda abin yake aiki fa. A Blender in kana ajiye ƙira daban daban a jiki ɗaya, ta siriri da ta mai ƙiba ko ta murmushi da ta ɓata rai, sharaɗin shi ne yawan ɗigogin ragar kar ya canza, matsar da su kawai ake yi ba a ƙarawa ba a ragewa, manhajar tana tuna inda kowane ɗigo ya tashi da inda ya je sai ka ja lamba daga 0 zuwa 1 jikin ya riƙa sauyawa a hankali. Haka MakeHuman yake, manhajar haɗa jikin mutum, shi ma kyauta ne kamar Blender, jiki ɗaya ne sai abubuwan ja na shekaru da ƙiba da tsoka da tsayi, in ka ja na shekaru baya ba tsukewa kawai yake yi ba, kai yana girma in aka gwada da jiki ƙafa tana gajarta. Kamfanin Daz ma da suka fito da mutum-mutuminsu mai suna Genesis a 2011 dabarar kenan, raga ɗaya ta zama namiji ta zama mace ta zama yaro. Malam ka sa yaranka su buɗe MakeHuman su ja shekaru su gani da idonsu, sannan su dawo su danna S su gwada.

Wani daga Birnin Kudu:

Ni tambayata daban ce, shi mutum-mutumin nan ba gunki ba ne kuwa? Kar mu zo muna raɗa wa abin da bai halatta ba suna.

Mai tambaya:

Ɗan'uwa wannan ta malamai ce, a kai musu, ni ba zan yi fatawa a nan ba. Ta fuskar Hausa dai gunki abin bauta ne, mutum-mutumi kuwa har wanda ake kafawa a gona dan korar tsuntsu haka muke ce masa, shi ya sa na zaɓe shi.

Mai ɗinki:

To ni in na fahimta, awo shi ne abin da tef ya nuna, ninki na Baba Malam, ƙira ta maƙera. Amma ku ji, a wajen mata in ana maganar jiki diri ma ana cewa, ko shi ba zai shiga ba?

Ɗan gidan maƙera:

Hajiya diri kam Hausa ce mai kyau amma ya fi tafiya wajen yabon tsayuwar jiki, ba za ka ce dirin hanci ko dirin mota ba, su kuma yaran nan gobe mota da kujera za su haɗa a manhajar ba mutum kaɗai ba. Ƙira tana ɗaukar duka.

Malamin lissafi:

Na yarda da ƙira. Sai dai ina da saura a kan ninki, mai tambaya ka gwada buga lambar da ke ƙasa da sifili ka gaya mana.

Mai tambaya:

Baba Malam ana yi ai, S sannan X sannan -1, sai hannun dama ya koma hagu, da shi wasu suke samun takalmin ɗaya ƙafar ba sai sun sake ginawa ba. Illarsa in ka zaunar da ninkin a haka fuskokin ragar sukan juya ciki ya koma waje, a Blender ba lallai ka lura ba amma a cikin gem sai ka ga ana hango cikin takalmin ta waje, dole ka shiga da Tab ka zaɓi duka ka danna Shift da N su daidaita. Wannan ni ninkin madubi zan ce masa sai in wani yana da wadda ta fi. Su kuma fuskokin da suke juyawa ɗin, Turawa nomal suke ce wa alkiblar da kowacce take kallo, yaran nan da sun ji sai su ɗauka lafiya lau ake nufi. Hajiya ku a ɗinki me kuke ce wa gefen yadi na waje da na ciki?

Mai ɗinki:

Fuska da bai. In an sa riga a juye mu ce an sa ta bai-bai.